Gida Mai Kallon Arewa

A garin nan namu, sanyi saye ake yi. Tun da na yi wayo a Jidda ban taɓa ganin wanda ya fitar da ko sisin kwabo don ya ji ɗumi ba. Ɗumi kyauta ne, har ya yi mana yawa. Ana buɗe ƙofa da safe zai shigo ya zauna kamar baƙon da ba shi da niyyar tafiya. Yanzu a nan unguwar Safa, inda nake zaune a bene na biyu tare da babban ɗana da matarsa, kowace taga da mukayyif ɗinta, wato na'urar sanyaya ɗaki, suna ta gurnani suna ɗigar da ruwa a kan motocin mutane. Ko a watan da 'yan gari ke cewa an shiga sanyi, har 'yan mata su fito da rigunan ulu don dai a san suna da su, da azahar sai an kunna. To wanda ya tsufa a irin wannan gari, idan aka ce masa akwai inda ake sayen ɗumi da kuɗi, zai gyaɗa kai ne kawai, amma maganar ba ta shige shi ba. Ni ma haka na yi, alhali ni ce ya kamata in fi kowa sani.

Da can ba mu da mukayyif, dabara muke da ita. Gidanmu na katako da kwano ne, can gefen tashar jiragen ruwa, a unguwar da iyayenmu suka kafa bayan sun yi aikin hajji sun kasa komawa gida, ko sun ƙi komawa, ya danganta da wanda aka tambaya. Ƙahon jirgi daga teku ne ke tashe mu da safe, sai ƙararrawar jakin mai ruwa, sai tarin tsofaffi masu dawowa daga masallaci. Aikina na farko shi ne in cika tuluna in jera su a taga inda iska ke ratsawa, in rufe bakinsu da ƙyalle mai laima. Da la'asar kuma in ɗauki bokiti in yayyafa wa tsakar gida da daɓen ɗaki ruwa, har ƙasa ta yi wannan ƙamshin da yanzu sai an yi ruwan sama nake jin irinsa. Ba a rufe ƙofa a gidanmu. Idan na manta na turo ƙyaure, Inna za ta ɗaga murya daga madafa ta ce, "Wa ya tare wa iska hanya? Bar baiwar Allah ta wuce." Sana'ar Inna kuwa harami ce. Idan alhazai sun gama aikinsu sun hau jirgi, da yawa sukan bar fararen mayafansu a masauki. Inna ta bi ta tattaro, mu wanke da sabulu da bula, mu shanya, igiyoyin gidanmu su yi fari fat, sannan ta sayar wa masu aski da masu gidan abinci suna goge hannu. Hannuna har yau yana tuna nauyin jiƙaƙƙen harami idan ana matse shi.

Amma uwar dabarun duka ita ce gida ya kalli arewa. A Jidda iskar arewa ce mai daɗi. Ta kudu ba ta kawo komai sai laima da ciwon kai. Baba yana iya ƙin ɗaki mai kyau don kawai tagarsa tana kallon kudu, kuma har yau dillalan gidaje suna ɗaga hanci idan gidan da suke nunawa yana shan iskar arewa. Wannan abu ya shiga jinina, ban taɓa zama na tambayi kaina ko ko'ina haka yake ba.

Shi ya sa ranar da jikata ta zo ta ce an mayar da mijinta Tabuka, na zaunar da su na yi musu huɗuba. Yarinyar nan ni na raine ta tun rasuwar uwarta, don haka ina ganin ina da ikon yi mata huɗuba har ta yi furfura. Mijin yana aiki ne a wani sito a Khumra, kamfanin ya buɗe reshe a can arewa, wanda kuwa iƙamarsa, wato takardar zaman ƙasa, ke hannun kafili, ubangidan da ya tsaya masa, ba ya cewa a'a. Ita kuma ga ciki ya fito. Lokacin tsakiyar zafi ne, ina magana gumi na bin wuyana. Na ce su nemi gida mai kallon arewa, a bene na sama, mai manyan tagogi. Na ce kafet ɗin nan su bar ta, zafi kawai take tarawa. Na ce mukayyif ɗinsu biyu su cire su tafi da su, kada su je su yi asarar sayen sabo. Mijin yaron kirki ne, iyayensa Hausawan Sudan ne, yana da ladabi har ya so ya yi yawa. Ya sunkuyar da kai ya ce, "To, ya Hajja, yadda kika ce." Ya je kuwa ya samo: bene na ƙarshe, a kusurwa, tagogi uku duk suna kallon arewa, ga shi da arahar ban mamaki. Muka yi ta dariya a waya muna cewa mutanen Tabuka ba su san darajar gida ba.

A can ta haihu, namiji, ana gab da shiga sanyi. Gwiwoyina ba su bar ni na je ba, a waya na ga tattaɓa-kunnena, na kuma raɗa masa Angona. Yana da wata biyu, wani hantsi, wayata ta yi ƙara. Na ɗaga sai na ga yarinya sanye da rigar sanyin mijinta a kan doguwar riga, ta ja hula har gira, tana magana tururi na fita daga bakinta, a cikin ɗaki fa. Takan kira ni Sitti, kamar yadda 'ya'yan Jidda ke kiran kaka. Hausa tana jin komai, amma idan ta zo mayarwa rabi Larabci ne.

"Sitti, sanyi. Wallahi sanyi, ma agdar, ba zan iya ba."

"To ki kunna abin ɗumi mana, 'yar nan. Ba an ce mukayyif yana yin zafi ba?"

"Na mutanen nan yana yi. Namu na Jidda sanyi bas, sanyi kawai yake yi."

Ashe haka abin yake. A Jidda wa zai sayi mukayyif mai hura zafi? Na'urori biyu suka ɗauka suka haye da su har Tabuka, suna maƙale a bango ba su da amfanin komai. Sai da na yi ta jan ta da tambaya sannan sauran maganar ta fito. Sun sayi hita uku ta lantarki, ɗaya a ɗakin kwana, ɗaya a falo, ɗaya a ɗakin baƙi. Suka kunna duka, gidan bai yi ɗumi ba, amma da takardar kuɗin wuta ta zo mijin ya karanta ya ninke ta, ranar bai iya cin abinci ba. Ita kuma da ta ga haka, sai ta ƙudura a ranta: yana fita aiki da safe za ta kashe hitocin duka, ba za ta kunna ba sai ta ji motsinsa a matakala da magariba. Ta yi sati biyu tana haka, shi bai sani ba.

Na ce, "Ina Angona? Nuna mini shi."

Ta juya wayar. Yana kwance cikin bargo, idonsa a lumshe. Ya yi ɗan tari sau biyu, ƙarami, kamar ba ya son ya dami kowa. Ta ce tun jiya ba ya kuka, nono ma idan ya kama sai ya saki ya koma barci, ita har ta ji daɗi da farko ta ɗauka ya yi hankali ne. Na taɓa ganin wannan shirun, na kuma san ba hankali ba ne.

Ina yarinya, ban kai yin azumi cikakke ba, Baba ya samu aikin gadin wani lambun inabi da rumman a Ɗa'ifa, can kan duwatsu. Mai lambun ya ba shi gidan dutse mai ɗaki uku. Muka hau bayan babbar mota da kayanmu na Jidda: tabarmi, mahuci, tuluna, da ƙunshin haramin da Inna ta ce ba za ta bari ba, ko a can ai akwai masu aski. Mu biyar ne, Baba da Inna, ni da yayata, da autanmu wanda aka haifa bayan mun isa. Baba ya zaga gidan ya zaɓi ɗakin da ya fi girma, mai tagogi a arewa, ya tsaya a tsakiyarsa yana shaƙar iska yana cewa ko attajiran Jidda ba su da irinsa. Watannin farko kuwa gaskiyarsa. Iska mai sanyi ba laima, inabi har mu ƙoshi, sauro babu. Sai sanyi ya fara shigowa a hankali, mu kuma ba mu canza komai ba. Ƙofa a buɗe, tabarma a kan dutse, rigunanmu shara-shara. Ni kuwa kullum da la'asar in ɗauki bokitina in yayyafa wa daɓen ɗaki ruwa, domin aikina ne, ba wanda ya ce in daina, kuma na san abin da ke biyo baya idan na yi wasa da aiki. Wata safiya na tarar saman ruwan bokiti ya yi tauri, na ɓallo wani yanki na kai wa Inna ina cewa wani ya jefa mana gilashi a ruwa.

Baba ya fara sayen gawayi. Babban ɗakin nan ya riƙa cinye shi kamar ana zubawa a rijiya. A hura kasko, wanda ke kusa fuskarsa ta ƙone, bayansa na rawar ɗari. Kafin wata ya raba, rabin abin da ake biyansa ya tafi a gawayi, sai ya koma auna mana da gwangwani, idan na yini ya ƙare shi ke nan. A cikin haka autanmu ya yi shiru. Inna tana goye da shi a baya yadda aka saba, ƙafafunsa a waje suna lilo, tana ta aikinta tana cewa yaron nan Allah ya yi masa haƙuri.

Akwai wata tsohuwa 'yar asalin duwatsun, mai kiwon awaki a bayan lambun, takan kawo mana madara. Rannan da la'asar ta shigo har cikin ɗaki, abin da ba ta saba ba, santsi ya kusa kayar da ita. Ta dubi ƙasa ta ce, "Wa ya zuba ruwa a nan?" Na fito da ƙirjina na ce ni ce, ina jiran yabo. Ta yi mini wani kallo, irin wanda ake yi wa mai taɓin hankali. Sannan idonta ya kai kan ƙafafun autanmu. Ta ajiye ƙwaryar madara, ta taɓa tafin ƙafarsa, ta zura hannu ta taɓa cikinsa. Ba ta nemi izinin kowa ba. Ta kwance goyon, ta tuɓe masa riga, ta sa Inna ta buɗe gabanta, ta manna shi a ƙirjinta fata da fata, ta naɗe su tare da zane, ta yafa musu nata mayafin na gashin raƙumi. Inna Larabcinta na kasuwa ne, amma ranar ba ta buƙaci tafinta ba.

Daga nan tsohuwar ta shiga zaga gidan kamar nata, Baba na biye da ita. Ta wuce ɗaki na biyu, ta tura ƙofar wani ɗan ƙaramin ɗaki inda Baba ke ajiye fartanya da buhuna. Taga ɗaya gare shi, ƙarama, tana kallon kudu, bangonsa ɗaya kuma manne yake da murhun madafa. Rana ta shigo ta kwanta a ƙasansa. Ta ce nan za mu koma. Baba ya ce ai wannan ɗakin ajiya ne, ko akuya ba zai ɗaure a ciki ba. Ta ce, "Ku biyar me za ku yi da ɗaki uku? Gida ba ya jin sanyi, malam, ku ke ji. Kana ƙona kuɗinka kana ɗumama bango."

Kafin magariba mun kwashe buhuna mun shimfiɗa su a ƙasa, tabarmi a kai. Inna, da yaro ɗaure a ƙirji, ta ce a kwance mata ƙunshin harami. Ta zauna da basilla tana haɗa su huɗu-huɗu tana ɗinkewa, ni da yayata muna zura mata zare. Ɗaya aka rataye a ƙofa har yana jan ƙasa, ɗaya a taga, sauran suka zama barguna, ƙyallayen da suka rage muka cusa a duk wata kafa da iska ke shigowa. Nan ne Baba ya tsaya. Ya ce mayafin da bayin Allah suka tsaya da shi a Arfa, shi za a rataye a ƙofa yana sharar ƙasa, kowa na turewa da ƙafa? Inna ba mai mayar wa Baba magana ba ce, amma ranar ko kai ba ta ɗaga ba. Ta ce, "Mai shi ya tsaya da shi yana roƙon Allah ya raya masa zuri'a. To bari ya taya ni raya tawa." Baba ya ɗauki guduma ya buga ƙusar da kansa.

Tsohuwar ta koya mana sa duwatsu a gefen murhu idan ana girki, a naɗe su a tsumma a ajiye wajen ƙafafu. Ta koya mana ɗage labulen taga idan rana ta fito, a sauke shi tun kafin ta faɗi. Gawayi kuwa ta kama kunnen Baba da shi, a gabanmu. A hura shi a waje sai ya yi ja ba hayaƙi, a shigo da shi ana zaune ido biyu, ƙofa a ɗan buɗe, kuma kafin kowa ya kishingiɗa a fitar da kaskon. Ta ce ita da hannunta ta taɓa yi wa mutum huɗu 'yan gida ɗaya wankan gawa saboda kasko, kuma ba ta da niyyar ƙarawa da mu. A rana ta uku autanmu ya kama nono da ƙarfin da sai da Inna ta ce wash, sannan ta fashe da kuka. Yana nan a Makka yanzu, tsoho tukuf, ba haƙori ko ɗaya, yana yi wa jikokinsa faɗa.

Abin mamaki, gwangwanin gawayi ɗaya ya riƙa kai mu inda uku ba sa kaiwa a da. Kuma ban taɓa jin daɗin zama da iyayena kamar a ɗan ɗakin nan ba. A Jidda kowa warwatse yake yana neman inda iska take, wannan a tsakar gida, wancan a bakin ƙofa. A can kuwa gwiwa na gugar gwiwa. A nan ne Baba ya ba mu labarin tafiyarsu daga gida a ƙasa, da shekarun da suka yi suna tsinkar auduga a Sudan kafin su tara kuɗin jirgi, labarin da bai taɓa ba mu ba kafin nan, bai kuma sake ba bayan nan. Yaran yanzu kowa da ɗakinsa da ƙofarsa da wayarsa, ban ce sun yi laifi ba, amma ban san inda za su ji irin wannan ba. Shekara ɗaya muka yi muka dawo Jidda, zafi ya karɓe mu, na koma yayyafa ruwa. A hankali Ɗa'ifa ta zama labarin inabi da rumman kawai a bakina. Na san duk wannan, na gan shi da idona, amma na zauna ina gumi na tura jikata bene na ƙarshe mai kallon arewa. Kunyar da na ji a hantsin nan, da wayar a hannuna, ban taɓa jin irinta ba.

Amma ba lokacin kunya ba ne. Na ce, "Halas, ya isa, share hawayen. Tuɓe masa riga ki sa shi a ƙirjinki, fata da fata, ki rufa da rigar mijin naki. Kunna hita ɗaya ki rufe ƙofa. Sannan ki kira shi ya zo ya kai ku asibiti yanzu, ba anjima ba."

"Sitti, zai san na kashe hita."

"Ya sani mana. Yalla, maza kira shi."

Sun dawo bayan azahar. Likita ta ce mura ce ta sauka masa a ƙirji, an yi sa'a ba ta yi nisa ba; ta ba da magani, ta ce a riƙe ɗaki da ɗumi, kada a rufe masa fuska, a dawo da shi bayan sati. Mijin ne ya kira ni da kansa, idonsa ja. Kafin ya buɗe baki na ce masa, "Ɗan nan, ni na ɓatar da ku. Gidan nan ni na zaɓa muku daga nan inda nake zaune." Ya fara cewa a'a ya Hajja, ƙaddara ce. Na ce ƙaddara ce, amma da bakina ta biyo, ya riƙe wayar ya zaga da ni gidan.

Ƙofar ɗakin kwana a buɗe. Ta falo a buɗe. Ta madafa, ta bayi, duk a wangale, ƙasa kuma tayil ne tsirara yana ƙyalli. Na ce, "Wane ne ya ce ku bar ƙofofi haka?" Daga bayansa na ji muryar jikata: "Ke, Sitti. Tun ina ƙarama." Na haɗiye wannan na ce a ci gaba. Can ƙarshen gidan akwai wata ƙofa a rufe, ita kaɗai. Ya ce ɗakin tarkace ne, kwalayen da suka yi ƙaura da su ne a ciki. Na ce ya buɗe. Ɗan ƙaramin ɗaki, taga ɗaya tana kallon kudu, rana ta shigo ta kwanta a kan kwalaye. Sai da na yi hamdala a fili.

Na sa ya farke kwalayen ya shimfiɗa su a ƙasa biyu-biyu, aikin sito ya yi rana, cikin ɗan lokaci ya gama. Ya ɗora barguna a kai, ya jawo katifa da gadon yaro. Bargo mafi kauri aka rataye a taga, na ce a ɗage shi da hantsi a sauke da la'asar. Aka naɗe tawul aka toshe ƙasan ƙofa. Hita ɗaya na ce a shigo da ita, a ajiye ta nesa da bargo da gadon yaro, sauran biyun a cire su daga wuta, ɗakunan arewa kuma a rufe su a manta da su sai zafi ya dawo. Nan ya ɗan yi gardama, cikin ladabi. Ya ce ta ɗakin baƙi fa, idan wani ya zo ya tarar da ɗaki kamar firiji, ai abin kunya ne.

Na ce, "Tun da ka zo garin nan baƙi nawa ka yi?"

Ya yi tunani. "Mai gyaran famfo."

"To idan ya dawo ka ba shi shayi."

Yana juyawa da wayar na hango wani buhu a bakin ƙofar shigowa. Na ce mene ne wancan. Ya ce gawayi ne da ɗan kasko, ya tsaya ya saya a hanyar dawowa, abokan aikinsa sun ce ya fi lantarki araha. Ban san muryata tana da sauran ƙarfi haka ba, sai da surukata ta leƙo daga madafa. Na ce gidan siminti mai tagar gilashi ba ya numfashi, buhun nan ba zai kwana a gidan ba, ya kai wa masu gasa nama. Na sa ya rantse, ya rantse, na sa ya sauka da shi ina kallo.

Satin nan ban san yadda na yi shi ba. Ina kira da safe, ina kira da azahar, har jikata ta fara cewa, "Sitti, yanzu fa kika ajiye." Tarin yana nan kwana biyu, rana ta uku ya ragu, ta huɗu ya dawo kaɗan. Ni kuwa abinci ya ƙi shiga cikina. Mukayyif ɗin ɗakina ma na kashe shi, na kasa zama ina shan sanyin saye alhali wani sanyin na neman yi mini ɓarna. Ɗana har ya kira mai gyara yana zaton ya lalace. Mijin ya aiko mini da saƙon murya cewa ya duba mitar wuta, ta daina gudu kamar an biyo ta, yanzu tafiyar tsofaffi take yi. Na ji daɗi, amma ba mita nake jira ba.

Ranar da suka koma asibiti na zauna da wayar a cinyata tun safe. Sai wajen azahar ta yi ƙara. Jikata ce, ba hula, ba rigar miji, tana zaune a kan katifa rana na haska gefen fuskarta. Ta ce likita ta saurari ƙirjinsa ta ce ya washe tas, an ɗora shi a sikeli ya ƙara nauyi. Na buɗe baki zan yi godiya ga Allah, sai ta ce, "Bas, sai dai Sitti, akwai mushkila ɗaya. Yanzu na gani da muka dawo, ina canza masa kaya." Na ce mece ce. Ta ce wasu abubuwa ne suka fito masa a wuya da ƙirji.

"Matso da wayar. Ƙara matsowa. Ɗaga masa haɓa."

Ƙananan ƙuraje ne ja, sun bi lanƙwasar wuyansa. Shi kuwa gogan yana ta harbin iska yana neman cafke wayar.

"Riga nawa kike sa masa?"

"Huɗu. Da hula. Da shawul."

Dariya ta ƙwace mini, na yi ta yi har hawaye suka zubo, daga nan kuma ban san lokacin da ta koma kuka ba. Ƙurajen zafi ne. A Tabuka, ana cewa ƙanƙara ta rufe kan duwatsu, Angona ya yi ƙurajen zafi. Na ce ta cire masa biyu, ta goge wuyan da ruwan ɗumi, ta bar wurin ya bushe. Ta ce in tabbata fa, ko ta mayar da shi wajen likita? Na ce, "Ki kai shi idan ranki bai kwanta ba. Amma wannan kam ciwon garinmu ne, 'yar nan, ba wanda zai koya mini shi."

Na ajiye wayar, na ƙwala wa surukata kira na ce ta zubo mini shinkafar nan, ta cika kwanon.